Rubutun da Nake Ba Baba a Ɓoye

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na kasa yafe wa kaina.

Babana malami ne a ƙauyenmu wajen Minjibir, duk rayuwarsa shi ke wanke allo ya ba marasa lafiya rubutu. Bayan girbin gero shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, magana ta ƙi fita, in ya sha ruwa sai ya ƙware har idonsa ya yi ja. A asibitin birni aka haɗa mu da wata ma'aikaciya mai koyar da magana da haɗiya, ta ɗora yatsunta a maƙogwaronsa tana ba shi cokali-cokali, ta ce abu tsararo huhunsa yake zarcewa. Komai sai an yi masa kauri, a zaunar da shi sosai, ya sunkuyar da haɓa. Ni ta koya wa, wai ni ce 'yar bokon gidan.

Sai Baffa, ƙanin Baba, ya fara kawo rubutu a gora. Na so in zuba garin da ke sa kauri, Baba ya kau da kai yana hawaye, a wurinsa ba a gauraya aya da komai. Zuciyata ta karye. Kullum in Inna ta shiga madafa sai in ba shi kurɓi uku, yana tari ina bubbuga bayansa, ina ce wa kaina ai aya ba ta cutarwa.

Bayan sati biyu zazzaɓi ya rufe shi, likita ya ce ciwon huhu ne. Matar nan ta tambaye ni ko an ba shi abu tsararo, na dubi idonta na ce a'a. Ta ce ke nan ko mai kaurin ma ba ya haɗiyuwa, ranar Litinin za a zura masa roba ta hanci, ya daina ci ta baki. Inna sai kuka take, wai kununta ne bai yi kauri ba, ni kuwa ina zaune ina ba ta haƙuri.

Jiya ina goge masa baki na ce Baba, zan faɗa musu gaskiya. Ya damƙe ni da hannunsa mai lafiya, ya girgiza kai. Ya san in na faɗa an raba shi da rubutu, ni kuma na san in na yi shiru ya gama ɗanɗana kunun Inna.

Yau Asabar. In tona, ko in bi umarnin mahaifina?