Zaman da Bukar Yake Yi Bayan Asuba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zafin Agadas? Ya maigida da yara, ya ƙafar taki? Mu nan Diffa sai godiya.

Maganar mijina Bukar ce. Tun harin da ƴan bindiga suka kai garin Tumur barci ya ƙaurace masa, sai mugun mafarki. A biro, wato ofishin da yake wa tuƙi, akwai wata likita mai bin addinin Buda, ita ta koya masa zama shiru, ido rufe, yana bin numfashinsa. Ta ce ba sai ya bar sallarsa ba, kuma bai bari ba. Wallahi yanzu yana barci.

Don kada zaman ya yi kama da ibada, sai yake juya wa gabas baya. Abin da maƙwabta suka hango ta katanga ke nan, yanzu ana cewa ya sake alƙibla. Na ce ya daina. Ya ce, "Falmata, in na daina, mafarkin zai dawo."

Jiya wani baƙo ya bi ƴan tattasai a kasuwa yana tambayar ƙofarmu. An nuna masa.

Ki gaida kowa, ki sa mu cikin addu'a. In akwai ɗaki a wajenku, ki gaya mini da wuri.

Ƙanwarki,
Falmata