Katakon da Na Ba Mai Shayi

Zuwa ga Mai Filin Shawara,

Ina neman agajinka, kuma ina roƙon amsa kafin ƙarshen wannan wata, domin bayan nan ba za ta amfane ni ba. Ni tsohon jami'in duba ma'auni ne. Shekara talatin da huɗu na yi ina kama masu tauye awo kafin na yi ritaya. Motata guda ce, na saye ta sabuwa shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, mai kafireta ce, kuma ban taɓa barin kowa ya tuƙa ta ba.

Tambayata a kan sifesa ce, wato farantin da ake sakawa tsakanin kafireta da bakin inji domin a ba su tazara. Amma dole na faro daga tushe.

Makanikina, wanda ake yi wa laƙabi da Kunne saboda da sauraro yake gane ciwon inji, ya girme ni da shekara biyu. Shi kaɗai ya rage a garin nan da ya san kafireta, sai dai yanzu hannunsa rawa yake yi. Watanni biyu da suka wuce motar ta fara gardamar tashi idan ta yi zafi. Kunne ya saurare ta, ya ce na dawo bayan kwana uku. Da na koma, sai ya miƙo mini guntun katako mai kaurin rabin inci, mai ramuka biyu daidai maƙogwaron kafireta, wai sifesa ce, shi ya sassaƙa, ya goge da hannunsa. Garejin cike yake da makanikai da masu motoci. Na ciro ma'aunin kauri daga aljihu na auna kusurwoyinsa huɗu. Gaskiya ɗaya ce, babu wadda ta fi wata ko da kaurin gashi, kuma wannan ya ƙara ɓata mini rai.

Na gaya masa mota na kawo, ba kujera ba, kuma da kafinta nake nema na san hanyar shagonsa. Na ce mutumin da bai iya karanta littafin kamfani ba, wanda cokali ma ba ya kaiwa baki sai ya zubar da rabi, gara ya koma gida ya shimfiɗa tabarma ya jira ranarsa. Aka yi dariya sosai. Kunne ya goge hannu da tsumma, ya sallame ni da Yallaɓai, shi da ya yi shekara talatin yana kirana Mai Awo. A bakin ƙofa na ba mai shayi katakon ya riƙa ɗora buta a kai. Har yau idan na gifta sai ya ɗaga murya ya yi godiya, wai tun da ya samu katakon nan teburinsa bai sake ƙonewa ba, kuma na san Kunne yana ji.

Na yi odar sifesa ta alminiyam, mai ƙyalli, inci guda, mai rami ɗaya buɗaɗɗe, wani makanikin motocin zamani ya ɗaura. Yanzu bonet ba ya rufuwa sai an danna, har ya yi ƙulu a tsakiya. Motar ta yi nauyin tashi daga tsaye, gardamar zafi kuwa ta ninka. Makon jiya na kai maiɗakina asibiti saboda ciwon gwiwa. Da muka fito motar ta ƙi tashi, matar nan ta yi awa guda a ciki cikin rana, domin na hana a tura, turi yana ɓata giyar mota. A ƙarshe ta kira babban ɗanmu. A gaban matarsa ya ce mini in motar ta sake haka, zai karɓe makulli ya kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Ranar komawa asibiti ƙarshen wata ce.

Na aika wa Kunne saƙo ta hannun mai walda na garejin. Amsar da ta dawo ita ce hannunsa rawa yake yi, ba zai iya ba. A ganina wannan ƙuruciya ce ga mutum mai furfura.

Saboda haka: wace sifesa, mai wane kauri, mai rami nawa? Ina roƙon kada a yi mini wa'azin zumunci, amsar aiki nake so.

Tsohon Mai Awo

Malam Mai Awo,

Ga amsar aiki. Idan ka kashe inji mai zafi, zafin yana haurawa zuwa kafireta, fetur ɗin da ke cikinta ya tafasa, ya malale cikin inji, shi ya sa take gardama. Alminiyam yana kai zafi kamar ɗan aike. Katako yana tare shi. Rami buɗaɗɗe na masu tsere ne. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa asibiti ce, mai ramuka daban-daban ta fi masa, domin mota ta fi saurin amsawa daga tsaye. Inci guda ya yi wa motarka tsawo, bonet ɗinka ya riga ya ba da shaida. Abin da kake buƙata shi ne rabin inci, ramuka biyu, abin da ba ya ɗaukar zafi, da sabon gaskit, wato shimfiɗar hana yoyo, sama da ƙasa. Wato abin da ke ƙarƙashin butar mai shayi. Mai shayin da bai shiga aji ba ya gane amfaninsa rana ɗaya, yana kuma faɗa maka kullum, kai kuwa kana jin daɗin Kunne na ji.

Ba zan zalunce ka ba. Shakkar katako ba wauta ba ce: in ba a shafe shi da kyau ba yakan sha fetur ya lanƙwashe, kuma akwai sifesa ta baƙar fayiba, mai kama da roba mai tauri, da ta fi shi ƙarko. Kunne ma da ya yi maka bayani tun farko. Amma ka auna, ka ga aikin ya cika, sannan ka zage shi. Da a kasuwa ne, wannan shi ne tauye awo, kuma kai ka fi ni sanin hukuncinsa. Kwana uku mai rawar hannu ya yi kafin kusurwoyin nan su zo daidai.

Ko ka samu sifesar da ta dace, sai an sake saita kafireta da kunne, kuma da bakinka ka ce mutum ɗaya ya rage. Ba ƙuruciya ya yi ba, maganarka ya maido maka ba ragi ba ƙari.

Ka karɓo katakon, ka tafi garejin da ƙafa, lokacin da ya cika kamar ranar nan, ka ba shi haƙuri da irin muryar da ka zage shi da ita. Saƙo ta hannun mai walda ba ya wanke zagin bainar jama'a. Yana iya ƙi, kuma haƙƙinsa ne. Ranar asibiti kuwa, ko motar ta gyaru ko ba ta gyaru ba, ɗanka ya kai mahaifiyarsa. Gwiwarta ba wurin gwajin inji ba ce. In Kunne ya ƙi, ka miƙa makullin da hannunka tun ba a tambaye ka a gaban suruka ba.

Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya sassauta wa Kunne, ya kuma sa ka same shi ya fi ka tausayi.

Mai Filin Shawara