Hanjin Nana Ya Haɗu Ba Zare

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Legas, yaya sana'a, yaya abokan zamanka? Mu nan Matameye kowa lafiya, sai godiyar Allah.

Albishirinka! 'Yarka Nana ta dawo gida da ƙafarta. Ciwon cikin nan da ya tashe ta, ashe hanji ne ya murɗe. Da muka kai ta Damagaram, likita ya ce za a yanke inda ya lalace, a haɗa da agaraf, ba ɗinki. Ni kuwa agaraf ɗin da na sani shi ne na haɗa takardu a ofis. Na ajiye biron da aka ba ni in sa hannu a takardar yarda, na ce, "Likita, jikata ba takardar haihuwa ba ce!"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan daban ne. A ciki zai zauna, nama ya rufe shi, ba ya tsatsa." Ya nuna mini guda a tafin hannunsa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai da na gani, sannan na sa hannu.

Yau kwana ashirin da yin aikin. Jiya ta shanye kwanon fura ita kaɗai, ta ce mini, "Tsoho, yanzu da ƙarfe a jikina, ka bi ni a hankali." Na ce na bi.

Kada ka baro aikinka, hankalinmu ya kwanta. Ka taya mu addu'a Allah Ya ƙara mata lafiya. Uwarta tana gaishe ka. Ka gaida maigidanka Alhaji.

Mahaifinka,
Habu