Rasuwar Dakta Suwaiba Maitama da Roƙonmu a Kan Mahaifinta

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Nazarin Ƙwaƙwalwa da Halayyar Ɗan'adam ta Kudancin Katsina, a madadin Shugabanta, da Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin mambobinta, ta samu labarin rasuwar Mataimakiyar Shugabanta, Hajiya Dakta Suwaiba Maitama, wadda Allah ya karɓi ranta ranar Talatar da ta gabata a Funtua bayan gajeriyar jinya, aka kuma yi jana'izarta a ƙauyensu na Gidan Tanimu da ke kusa da Malumfashi. Ta rasu ta bar ƙaninta, Alhaji Mannir Maitama, da 'yan'uwa da dama, da kuma mahaifinta, Malam Maitama, dattijon da suke zaune gida ɗaya su biyu rak tun bayan rasuwar maigidanta.

Marigayiya ta fara aikinta ne da binciken yadda ƙwaƙwalwar yaro ke buɗewa a shekarunsa na farko, kuma ba ta yarda ta yi wannan bincike a ofis ba. A bayan ɗan acaba take shiga ƙauyukan Danja da Malumfashi, ta zauna da mata suna ɓarzar masara ko suna tsinkar gyaɗa, tana lura da yadda uwa ke yi wa goyonta hira da waƙa, har ta iya nuna wa iyaye da dama cewa surutun nan da ake yi wa jariri, wanda wasu ke ɗauka shirme ne, abinci ne ga ƙwaƙwalwarsa. Mu da muka zauna taro da ita mun sha fama da bakinta, domin ko Farfesa ne ya gama jero Turanci sai ta ɗaga hannu ta nemi ya maimaita da Hausar da kakarsa za ta gane, in ya kasa ta ce da sauran aiki. Mun ji haushinta a lokacin, yau kuwa kewar wannan hannun ce ta dame mu.

Larurar mahaifinta ce ta juya akalar bincikenta zuwa ga tsofaffi. Malam Maitama manomin auduga ne wanda a da ba ya mance iyakar gonar kowa a garinsu, sai ga shi ya fara ɓata a hanyar masallaci, yana tambayar mutanen da suka daɗe da rasuwa. Jama'a suka ce gigin tsufa ne, ita kuwa ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da suna, yana kuma da yadda ake zama da mai shi. Ta bar gidan da jami'ar da take koyarwa ta ba ta, ta koma ƙauye, tana zuwa aiki daga can. Ta bi gidajen Musulmi da na Kirista da na masu addinin gargajiya tana zama da tsofaffin da aka gaji da su aka bar su a ɗaki, kuma ta tsaya tsayin daka a kan tsofaffin matan da ake jifa da maita alhali hanyar gida kawai ta ɓace musu. Babban abin da ta fahimta, wanda ta rubuta ta kuma maimaita mana har muka haddace, shi ne mai wannan ciwo yana mance labari amma abin da labarin ya sa masa a zuciya ba ya tafiya tare da shi. In ka faranta masa rai da safe zai wuni da walwala bai san dalili ba, in ka baƙanta masa zai wuni da nauyi a ƙirji bai san daga inda ya zo ba.

Wannan ne ya sa Ƙungiya ta ga wajibi ne ta haɗa wannan ta'aziyya da wani roƙo da ba a saba ji ba. An sanar da Malam Maitama rasuwar 'yarsa ranar jana'iza, ya yi kuka irin na uban da ya rasa abin dogaronsa, amma kafin jama'a su dawo daga maƙabarta ya mance, yana tambayar taron me ake yi a ƙofar gidansa. Tun daga ranar masu gaisuwa ke zuwa da kyakkyawar niyya, kowa ya durƙusa gabansa ya yi masa ya haƙuri, ya ce Allah ya jiƙan Suwaiba, shi kuma ya tambaya wace Suwaibar, a faɗa masa, ya ji mutuwar 'yarsa sabuwa fil kamar yanzu aka yi ta. Kafin hawayensa su bushe labarin ya gushe, sai wani ya sake shigowa da sallama. Iyali sun shaida mana cewa ya daina cin abinci, yana dafe ƙirji yana cewa wani abu na damunsa amma ya rasa mene ne. Kowa mutuwa ɗaya aka yi masa, shi kuwa ana yi masa ita da yawan masu gaisuwa.

Don haka, bayan shawara da Alhaji Mannir da Limamin garin, wanda ya tunatar da mu cewa an shar'anta ta'aziyya ne domin a sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, muna roƙon manyan malamai, da shugabannin ma'aikatu, da ɗaliban marigayiya, da dukkan masoya, da su kai gaisuwarsu gidan Alhaji Mannir a Funtua. Ba mu ce a ƙaurace wa dattijon ba, domin kaɗaici ne ciwonsa na biyu, kuma wadda ke ɗebe masa shi ta tafi. A je, a zauna, a tambaye shi labarin damina da irin audugar da suka shuka a zamaninsu. In ya tambayi Suwaiba kada a yi masa ƙarya, kada kuma a ambaci rasuwa, a roƙe shi ya ba da labarin ƙuruciyarta, domin wannan bai mance ba. A ganinsa har yau 'yar makaranta ce da yake kaiwa Malumfashi a kan keke, shi ya sa kullum bayan la'asar yake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ajiye mata gyaɗa a ɗan kwano, yana duban hanya. A da ita ke zuwa ta zauna ta ci. Wanda duk ya miƙa wa kwanon nan, don girman Allah ya karɓa ya ci.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Alhaji Mannir Maitama, da ɗaukacin zuri'ar Malam Maitama, da al'ummar Gidan Tanimu, da abokan aikin marigayiya da ɗalibanta, tana roƙon Allah ya gafarta mata, ya karɓi hidimar da ta yi wa yara da tsofaffi, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta, ya kuma ba iyalinta juriyar wannan babban rashi. Shi kuwa Malam Maitama, ba mu san irin haƙurin da ake roƙa wa wanda bai san an yi masa rashi ba, sai dai mu ce Allah ya sassauta nauyin da ke ƙirjinsa, kada kuma ya bar tabarmar nan ba kowa a kanta.

Sa hannu:
Malam Almustapha Shitu Danja
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Masu Nazarin Ƙwaƙwalwa da Halayyar Ɗan'adam ta Kudancin Katsina, Funtua