Kwalbar Baba da Aka Raba da Kwalinta

Zuwa ga Shugaban Sashen Magani na asibitin da mahaifina ke karɓar allurar ciwon sukari.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ranar Talata, makonni uku da suka wuce, da ƙarfe goma da kwata na safe, mahaifina, mai gadi a Ikeja, ya karɓi kwalbar insulin a tagarku ta biyu. An miƙo masa ita cikin leda, babu kwali, babu takardar bayani. Ya tambayi ma'aikacin tagar ko da me ake yin maganin. Ma'aikacin, layi ya yi masa yawa, ya ce da shi daga dabba ne, ya matsa.

Da yamma Baba ya ba maƙwabcinmu Malam Isufu mai tsire labari. Shi kuma ya ce ya taɓa jin daga alade ake cirowa. Baba bai gaya wa kowa ba, ya daina allurar. Kwana tara. Ƙishirwa ta dawo, idonsa ya fara hazo. Ni na ga kwalbar a gindin randa inda yake ajiye ta don sanyi, ba a ko huda murfinta ba.

Bana na gama jami'a a fannin sinadaran jiki, don haka na karanta ɗan rubutun jikin kwalbar sau uku, na kuma koma littattafaina. Ga abin da na gano.

Na ɗaya, Malam Isufu bai yi ƙarya ba. An daɗe ana ciro insulin daga kayan cikin alade da na shanu.

Na biyu, wannan kwalbar ba irin waccan ba ce. Ana ɗaukar umarnin da jikin ɗan Adam ke bi wajen yin insulin, a dasa shi cikin ƙwayoyin yis, irin wanda ke sa burodi ya tashi, a kiwata su a manyan tukwane, su yi ta fitar da shi, sannan a tace. Da na yi wa Baba wannan bayani sai ya ce, "Wato maganin nawa ƙanin burodin Agege ne?" Washegari muka hau motar danfo muka ga likita, ya koma allurarsa. Yanzu Malam Isufu ne ke yi wa masu sayen tsire bayanin yis, har yana ƙara nasa.

Ba na neman a hukunta kowa. Roƙona a daina jefar da kwali da takarda, a kuma liƙa bayani da Hausa da Yarabanci a jikin tagar. Zan rubuta na Hausar idan kun yarda.

Ga abin da har yanzu ban sani ba. Ban sani ba ko duk kwalaben da kuke bayarwa irin wannan ne, ko ana canzawa. Ban sani ba ko kwanaki taran nan sun bar wa idon Baba tabo. Likita ya ce mu jira. Ban kuma san dattawa nawa ne suka yi tambayar Baba a tagar nan ba, suka koma gida suka yi shiru, ba su da ɗan da zai leƙa gindin randa.

Allah ya taimake ka a kan aikinka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Ɗan mai gadi, Agege.