Garin da Hassan Yake

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Sun amsa. Jami'ar nan ta Masar za ta yi mini intabiyu ta bidiyo ranar 23 ga wata. Likitancin haƙori. Jami'ar da Hassan yake, garin da yake.

Na kira shi ya katse, ya rubuto wai yana aji. Sai na je na faɗa wa Inna, tana tankaɗe. Ta ce, "Allah shi sa albarka. To ni wa za a bar mani a gidan ga?" Ta yi dariya, amma ba ta ɗago ba.

Tun da aka haife mu tagwaye, ni da Hassan ba mu taɓa kwana ɗaki daban ba, sai da ya samu gurbin karatun haɗa magunguna ni kuma na faɗi jarrabawa. Har yau mutanen Ƙofar Durbi in sun gan ni sai sun duba bayana.

Alhamis, 10 ga Yuli

In suka ce me ya sa haƙori, me zan ce? Don shi kaɗai ke da sauran gurbi a inda ɗan'uwana yake?

Asabar, 12 ga Yuli

Dakta Hadiza, ƙawar Inna ta makaranta, ta yarda in riƙa zuwa asibitinta na GRA ina kallo, ko na samu abin faɗa. Warin wurin ya hau mini kai. Da ta kunna injin nan mai ƙara sai da na dafa bango. Ta ce, "Hussaini, in suma za ka yi, ka koma gefe, kada ka faɗa mani kan mara lafiya."

Na ɗauki hoton kujerar duba haƙori na tura wa Hassan. Ya gani. Shiru.

Talata, 15 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Da yana nan da mun yi faɗa kan wanda zai fita sayen ƙosai.

An kawo wani dattijo daga Batagarawa, Malam Sammani, ladanin unguwarsu. Haƙoransa na gaba duk sun zube. Dakta ta tambaye shi ko cin abinci ne ke ba shi wahala. Ya ce a'a, fura ta ishe shi. Kiran salla ne. In ya zo kan "ashhadu" sai iska ta kuɓuce mashi, har ya ji wasu na kwaikwayonsa a bayan masallaci. Sai ya miƙa wa wani lasifikar. Yana magana yana rufe baki da gefen rawani.

Ni na riƙe mashi haɓa da aka ɗauki awon dasashinsa. Ban dafa bango ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Hassan ya kira, da kansa. Ya yi ƙiba, ya tara gemu. Akwai mutane a ɗakin suna Larabci, yana juyawa yana ba su amsa, suna dariyar da ban san kanta ba. Na ce ya yi mini tambayoyin gwaji. Ya ce, "Kai dai ka ce kana son taimakon al'umma, kowa haka yake cewa." Na ce in na zo ɗakinsa zan sauka ko? Ya ce, "Za mu gani, mu huɗu ne."

Da ya kashe na daɗe ina kallon fuskata a baƙin gilashin wayar. A da ita ce tasa.

Talata, 22 ga Yuli

Haƙoran roba na Malam Sammani sun iso. Dakta ta sa mashi, ta goge wani gefe, ta sake sawa. Ta ce ya gwada magana. Ya duba mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora yatsa a kunne, ya yi kiran sallar a hankali, ƙasa-ƙasa, tun daga kabbara har ƙarshe. Da ya gama ya ce mani, "Ɗana, ya fita?" Na ce ya fita, Malam.

Gobe ne.

Laraba, 23 ga Yuli

A ofishin Dakta na yi, don can sabis ya fi ƙarfi kuma akwai janareta. Na sa farar shaddar Hassan da ya bari.

Su uku ne, mace ɗaya a tsakiya da tabarau a kan hanci. Sun tambaye ni ilmin halitta, Turanci, abin da zan yi in mara lafiya ya ƙi magani. Hoton ya tsaya sau ɗaya, ya dawo. Sai matar ta ce me ya sa haƙori.

Na buɗe baki in ce al'umma. Sai na ji ina ba su labarin ladanin Batagarawa, da Turancina mai tuntuɓe. Har da rawanin. Na gefen hagu ya ajiye bironsa. Matar ta ce, wace kalma ce ta fi ba shi wuya? Na faɗa. Ta maimaita ta a hankali, harshenta a bayan haƙora, ta gyaɗa kai.

Ba su tambaye ni ko na san kowa a can ba. Ni ma ban faɗa ba.

Juma'a, 25 ga Yuli

Jira. Na je asibiti duk da ba ni da sauran dalili. Dakta ta miƙo mini safar hannu.

Talata, 5 ga Agusta

Sun ɗauke ni. Amma sashen haƙori ya koma reshensu na kudu, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa daga inda Hassan yake.

Na zauna bakin gado ina jiran kukan. Na jira sosai. Sai na tsinci kaina ina duba ko a reshen suna koyar da haɗa haƙoran roba. Suna koyarwa, a shekara ta uku.

Inna ta ce, "Ka gaya ma ɗan'uwanka?" Na ce yana aji.

Ban san ko yana aji ba. Zan kira shi, in sha Allah, in na dawo. Akwai wata mata da za a cire wa haƙorin turmi da safe, kuma Dakta ta ce ni zan riƙe fitila.