Ƙarar Kyaftin Tak a Kan Surukinsa

Tsibirin Yokji, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Shugabar Gasar Besbol ta Kudu, Tak Su-ryeon,

Bayan gaisuwar girmamawa, da fatan shugabanci yana tafiya daidai. Ni ne Tak Man-ho, mai kulob ɗin Ƙaguwoyin Yokji, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gasar nan tun kina 'yar makaranta. Ba a matsayin ubanki nake rubuto wannan ba, saboda haka kada ki karanta kina dariya.

Ƙara na kawo. Ina ƙarar mai kulob ɗin Zomayen Yuseong, Seol Gi-tae. Na san mijinki ne, amma wannan ba ruwan gasa.

Kowa ya sani 'yan wasanmu ba mutane ba ne. Kwamfutarki ce ke haifarsu, ta raɗa musu suna, ta tsufar da su, ita ce kuma ke buga wasannin ranar Lahadi. Mu masu kulob goma sha shida, namu kawai mu jera mata wanda zai yi jifa da waɗanda za su yi bugu, mu naɗe hannu mu jira sakamako a intanet. Abu ɗaya tak ke hannun mutum: ya fito da mafi kyawun abin da yake da shi.

Lahadin nan ne karon farko da muka taɓa haɗuwa da shi, tunda bana aka sa mu rukuni ɗaya. Kin san yadda kakar wasa ta fara mini, wasa shida kashi shida. Sai ga shi na ci Zomaye tara da biyu. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har na sauka tashar jirgin ruwa na saya wa mutane gasasshen dankali. Da na dawo na duba waɗanda ya jera, sai na ajiye dankalin. Yeom, gwanin jifan da babu kamarsa a gasar, lafiyarsa lau, yana zaune a benci. Pyo mai ciwon kafaɗa aka turo mini. Manyan masu bugunsa uku su ma duk suna hutu, sai ka ce ranar biki.

Doka ta huɗu ta ce duk wanda ya faɗi da gangan, a yi masa ƙuri'ar kora. Da hannuna na rubuta ta. Ina roƙon a yi aiki da ita.

Ki huta lafiya.
Tak Man-ho

Ƙari: yanzu ubanki ne ke magana. Na sa muku busasshen kifi a jirgin safe. Ki gaishe mini da jikata Da-som.

*

Daejeon, 9 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙirjin? Kana shan maganin kuwa, ko yana nan cikin gwangwanin shayi? Kifi ya iso, mun gode. Da ka ɗauki waya da ban wahalar da kaina da biro ba, amma na san halinka, in ka ɗau fushi sai takarda.

Ka ce kada in yi dariya. Na yi, har Da-som ta leƙo. Da na buɗe kwamfuta na ga abin da idona, sai dariyar ta ƙare.

Na same shi a kicin yana wanke shinkafa. Na ce, "Baban Da-som, me ya sami Yeom?"

Ya ce, "Hutu na ba shi."

Na ce, "Tun yanzu? Gajiyar me ya yi, noma?"

Sai kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Haba Maman Da-som, wasa shida fa Baba ya sha kashi. Ni kuma in zo in ƙara masa na bakwai? Da wane ido zan dube shi in mun je tsibiri?"

Na ce, "To ai ga shi ya kai ka ƙara."

Ya ce, "Wa?"

Na ce, "Shi wanda ka tausaya wa ɗin."

Baba, shinkafar nan sai da ya wanke ta har ta kusa zama gari.

Kun sa ni a tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki. In na rufe maganar, a ce shugaba ta kare mijinta. In na bi doka, in kori mutumin da nake kwana ɗaki ɗaya da shi daga abin da ya fi so bayan 'yarsa. Kuma ka sani, ba don son besbol ya shiga ba da farko. Shekarar da Mama ta rasu ya ga ba ku da abin hira in kun zauna, daga "yaya hanya" sai shiru, shi ne ya roƙe ni kulob. In ya fita, me za ku riƙa faɗa wa juna?

Duk da haka doka doka ce, kai ka koya mini. Na buɗe ƙuri'a. Shi ba ya jefawa, mu goma sha biyar ne, har da ni. Kada ka tambaye ni inda na jefa tawa.

'Yarka da ka ɗora wa ciwon kai,
Su-ryeon

*

Daejeon, 10 ga Afrilu

Zuwa ga Baba mai girma,

Ina miƙa gaisuwa cikin ladabi, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, iskar teku kuma ba ta dame ku ba.

Na ji abin da ya faru, kuma duk abin da kuka faɗa daidai ne. Laifina ne. A gidanmu an koya mana ƙarami ba ya shiga gaban babba a hanya, balle uban matarsa, shi ya sa na yi abin da na yi. Ban yi nufin ɓata muku rai ba.

Ba sai an wahalar da mutane da ƙuri'a ba. In kun ga ya dace, zan ajiye kulob ɗin da kaina, a ba wani. Ƙaguwoyi kulob ne mai kyau ƙwarai, na tabbata ko da Yeom ya yi jifa ku za ku ci. Yadda kuka ce haka za a yi.

Ina neman afuwa.
Surukinku,
Seol Gi-tae

*

Yokji, 14 ga Afrilu

Gi-tae,

Gaisuwa. Takardarka ta zo, na karanta, na rasa abin da zan yi da ita. Laushinta ya yi yawa, ko kifi ba za a naɗe da ita ba.

"Ko da Yeom ya yi jifa ku za ku ci." Ka ji fa! Ka zo ba da haƙuri a kan ƙarya, ka ƙaro wata.

Bari in gaya maka abin da ban gaya wa Su-ryeon ba. Shekara talatin ina tuƙa jirgin fasinja tsakanin nan da Tongyeong. A jirgi, yaron da ya ga dutse a gaba ya yi shiru don kunyar kyaftin, shi ne zai kashe mu duka. Ina da ma'aikata da suke yi mini tsawa, kuma su na fi riƙewa. Tun da aka yi mini aikin zuciya kuwa, kowa ya koma lallaɓa ni. Likita yana magana da 'yata a kaina, ina zaune. A tasha in muna dara da tsoho Gu, sai in ga ya kau da ido daga inda zai cinye ni. Na yi masa magana, ya ce, "Kyaftin, idon ne ya tsufa." Idon da ke hango kifi a ƙarƙashin ruwa! Na daina dara da shi.

Wuri ɗaya ya rage mini inda ba a san shekaruna ba, ba a san an tsaga ƙirjina ba. Kwamfutar nan ba ta jin kunyar kowa. In ta ba ni kashi, nawa ne. In na ci, nawa ne. Kashi shidan nan da kake tausaya mini a kai, da daɗinsu na sha su. Kai kuma ka bi ni har can da tausayinka. Abin ya yi mini ciwo, Gi-tae, ya fi kashin ciwo nesa ba kusa ba.

Shugaba ta sanar da ni ƙuri'a ta tsaya bakwai da bakwai, tawa ce ta rage. Ban yarda ka ajiye kulob ba, wannan ma wata kaucewar ce. Ga sharaɗina. Ka zauna ka rubuto mini gaskiyar abin da kake gani game da Ƙaguwoyi, kamar yadda za ka gaya wa abokinka in ba na wurin. In na ji ƙanshin ladabi a ciki, ko kaɗan, na jefa ta kora. Shekara takwas kana auren 'yata ban taɓa jin ka ce mini a'a ba. Ina so in san ko akwai mutum a cikin rigar nan.

Tak Man-ho

*

Daejeon, 18 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa. Wannan ce takarda ta nawa ban sani ba, sauran suna kwandon shara. Maman Da-som ta ce in ban aiko wannan ba ita za ta aiko da kanta. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙaguwoyi ba su da kyau. Su ne mafi rauni a rukuninmu, kuma ba rashin sa'a ba ne, ku ne.

Gwanin jifanku, Ma Chil-bok, shekararsa arba'in da ɗaya. Na san shi ya ciyo muku kofi sau biyu, na san kuna kiransa Dattijo. Amma hannunsa ya mutu tun kaka uku da suka wuce. Ƙwallonsa tafiya take kamar jirginku in ya ɗauko motocin siminti. Sauran masu kulob murna suke in sun ga sunansa, akwai ma wanda ke ce masa "abincin rana". Ni ban taɓa faɗa ba, amma na yi dariya.

Wanda kuke sawa ya fara bugu ba ya iya gudu. Kun sa shi ne don kwamfuta ta rubuta an haife shi a Tongyeong. Baba, ba a haife shi ko'ina ba. Bara kuma kun sallami matashin da ya fi kowa ƙarfin bugu a kulob ɗinku, kuka ce hotonsa ya yi kama da malalaci. Ni na ɗauke shi. Yana cikin ukun da na ajiye a benci, don kada ku gan shi ku ji haushi.

Da Yeom ya yi jifa ranar nan, da ƙyar ku sami maki ɗaya. Haɗuwarmu ta gaba, in ina nan, zan cinye ku, kuma ba da kaɗan ba.

Na ce don ladabi na yi. Rabi ne. Ragowar tsoro ne. Tun ranar da na zo neman aure kuka dube ni daga sama har ƙasa, kuka tambayi Su-ryeon ko na iya iyo, nake jin tsoronku. Ban iya ba, har yau.

Tunda in za ka sha giya ka sha ta dubu, ga ta ƙarshe. Ba na son ɗanyen kifi. Duk zuwan da muke yi kuna yanka mini da hannunku, kuna tura mini farantin gabana, da ruwa nake haɗiye shi, in kwana cikina yana kuka.

Ina son gasar nan, kuma ina son ranar Litinin da kuke kira ku yi mini faɗa a kan masu jifana. Ba na so a kore ni. Wannan ma gaskiya ce.

Ku huta lafiya.
Gi-tae

*

Yokji, 22 ga Afrilu

Shugaba,

Gaisuwa. Ƙuri'ata: ya zauna. Ki cire wasan nan daga cin da na yi, ba na so.

Su-ryeon, ashe mijin nan naki ba shi da kunya ko ta sisin kwabo. Na kai takardarsa tasha na karanta wa mutane da ƙarfi. Da na zo kan jirgin siminti, tsoho Gu ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Kyaftin, surukinka ne ya rubuto maka wannan? Kai, ka more! Nawa in na ce masa rana daga yamma take fitowa, cewa yake haka ne Baba." Na ce ya ɗauko dara, in kuma ya sake kau da ido in jefa shi a ruwa. Ya cinye ni sau biyu.

Na sauke Dattijo daga jifan Lahadi. Ba don maganar mijinki ba, da ma ina da niyya. Batun ɗan Tongyeong kuwa bai san abin da yake faɗa ba, zan kira shi Litinin ya ji.

In kun zo hutun bazara zan gasa masa kifin. Shekara takwas yana haɗiya da ruwa, sakaran banza, ga gawayi nan a bayan ɗaki.

Ubanki,
Tak Man-ho